Yawan Ihun Saiwar Tuffa Ba Shi Ne Ƙarfinta Ba

Manoman tuffa sun daɗe da sanin wani abin takaici. Idan aka tumɓuke tsofaffin bishiyoyi aka dasa sababbi a gurbinsu, sai dashen ya tsumbure: ƙananan saiwoyi su yi baƙi su ruɓe, ganye ya ƙanƙance, 'ya'ya su yi jinkirin zuwa. Ba taki ƙasar ta rasa ba. Tsofaffin ne suka bar wa magadansu gadon abokan gaba, irin su Rhizoctonia da Ilyonectria cikin dangin naman gwari, da Pythium da Phytophthora waɗanda kama da naman gwari kawai suke yi, sai wata tsutsa mai huda saiwa wadda ido ba ya gani.

Shekara da shekaru, dabarar da aka dogara da ita ita ce a turara ƙasar da guba kafin dashe. Methyl bromide ne sarkin wannan aiki, har Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga hana shi saboda yana cinye rufin ozon a sararin sama. Wa'adin ƙasashe masu arziki ya cika a 2005, na masu tasowa a 2015. Gubar da ta maye gurbinsa ma kan mai uwa da wabi take yi, ta kashe mugu ta kashe nagari, kuma ba a daɗewa miyagun ke dawowa. A ganina wannan hanya ta ƙure. Saiwar ce ya kamata ta iya kare kanta.

Abin da ya sa hakan zai yiwu shi ne tuffa bishiyar aure ce. Reshen da ke ba da 'ya'ya daban, gindin da ke cikin ƙasa daban, don haka ana iya sauya gindi ba a taɓa ɗanɗanon da masu saye suka saba da shi ba. Kuma tun da aka karanta jerin ƙwayoyin gadon tuffa a 2010, masana suka samu damar leƙa abin da ke gudana cikin saiwa yayin da cuta ta taɓa ta: waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka, waɗanne suka yi lamo.

Masu bincike na Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke Wenatchee a jihar Washington sun kwatanta gindi iri biyu a gaban Pythium ultimum: B.9 mai saurin kamuwa, da G.935 mai juriya. A na farko ruɓa takan bi saiwa da gudu, a na biyu ta cije. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tun kafin cutar ta iso, wasu ƙwayoyin gadon tsaro na G.935 sun riga sun kasance a farke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma a nan ne nake jan kunnen masu murna da wuri. Duk bayan ɗan lokaci sai ka ga labari cewa an gano ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke tashi idan cuta ta kama saiwa, kamar an gano magani. Tashi ba nasara ba ne. A Jamus, masana a jami'ar Hannover sun gwada gindin M.26, wanda kowa ya san ba ya jure tsohuwar ƙasa, sai suka tarar saiwarsa na ta zuba sinadaran yaƙi da cuta masu yawan gaske, ƙwayoyin gadon da ke haɗa su kuma sun tashi tsaye. Duk da haka bishiyar ta sha kashi. Har sun yi zargin cewa yawan sinadaran na iya cutar da saiwar da kanta. Ke nan wanda ya fi kowa ihu a fagen fama yana iya zama wanda ake dannewa.

Ga kuma tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da lambu. Ɗan tsiro a tukunya, da cuta guda ɗaya da aka zuba masa, ba ɗaya yake da bishiyar da za ta shekara ashirin tana fama da gayyar abokan gaba a ƙasar da ta bambanta daga wannan gona zuwa waccan ba.

Ban ce a daina wannan bincike ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne rage jira. Shirin samar da gindin tuffa na Geneva a jihar New York ya soma ne tun 1968, kuma da haɗa iri da gwaji a gona ya fitar da irin su G.41 da G.935, aikin da ke cin gomman shekaru. Idan aka gano alamar gado da ta tabbata tana tafiya da juriya, mai haɗa iri zai iya tace dubban tsirrai tun suna 'yan makonni, ya zubar da ragwaye kafin ya ɓata musu fili da ruwa. Sauran da suka tsallake kuwa, dole a kai su tsohuwar gonar da ta tsumburar da na baya, a dasa, a jira a gani.