Botswana da Timor ta Gabas: ƙananan ƙasashen da ke bin manya bashi

A Kaduna, da an ambaci bashin waje, wanda ake bin mu ne ke faɗo wa mutum a rai. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta ninka nauyinsa. Amma akwai ƙananan ƙasashe da suka koma ɗaya gefen. Su ke sayen takardun lamunin gwamnatocin Amurka da Turai, su ake biya.

Botswana ta kafa asusun Pula a shekarun 1990 da rarar kuɗin lu'ulu'u, babban bankinta ke kula da shi. A 2007 ajiyarta ta waje ta kusa dala biliyan 10. Zuwa 2024 ko rabin haka ba ta kai ba. Gwamnati ta yi ta ɗiba tana cike giɓin kasafi, sannan lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta ya karya kasuwa.

Timor ta Gabas, ƙasar kudu maso gabashin Asiya da ta samu 'yanci a 2002, ta buɗe asusun man fetur a 2005. Da farko kuɗin duka a takardun baitulmalin Amurka aka zuba su, sai a 2011 doka ta yarda a sa har rabi a hannun jari. Asusun ya haura dala biliyan 16 a 2014, ya wuce 19 a 2021, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba.

Wanda ya tsaya a alƙaluma zai ce Timor ta yi zarra. Ni ban yarda ba. Dokarta ta ce abin da ya dace a cira a shekara kashi 3 cikin 100 ne na dukiyar man, amma shekara da shekaru ana zarce hakan. Rijiyar mai da iskar gas ta Bayu-Undan da ke cika asusun ta ƙafe, kuma kusan rabin yaran ƙasar 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tsumburewa. Botswana kuwa wani kaso na abin da ta kashe ya shiga makarantu, hanyoyi da maganin ƙanjamau kyauta tun 2002. Laifinta na gaske shi ne ta shafe fiye da shekara 50 ba ta samar wa lu'ulu'u magaji ba.

Duk da haka su biyun sun samu abin da muka rasa: lokacin yin gyara kafin a shaƙe su. Asusun rarar ɗanyen mai na Najeriya, da aka buɗe a 2004, ya kai kusan dala biliyan 20 a 2008, aka rabe shi har ya koma ƙasa da dala miliyan ɗaya. Babu doka mai ƙarfi da ta tsare shi, gwamnoni ma har kotu suka je a kan a raba. Wannan yana min ciwo, domin wahalar kan talaka ta ƙare.

Mai ƙyamar kuɗin ruwan da takardun lamuni ke biya na da mafita, tunda Najeriya kanta ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, a 2017.

Jiha ba ta da babban banki, na sani. Amma Majalisar Dokokin Kaduna na iya yin dokar ware wani kaso na kuɗin shiga a ajiye shi da dala domin biyan bashi, ta kuma wajabta buga rahotonsa duk wata uku kamar yadda babban bankin Timor ke yi.