Don Williams: mawaƙin da bai ɗaga murya ba, aka ji shi har Kano

Wanda ya shiga motar haya daga Kano zuwa Kaduna a shekarun 1980 zai iya tuna wannan. Direba ya zaro kaset, ya zura masa biro ya juya, ya cusa a rediyo. Sai wata murya mai kauri ta cika motar sannu a hankali, kamar ta uba yana rarrashin ɗansa. Don Williams ke nan. Da yawa cikin fasinjoji ba sa jin Turanci, amma da wuya ka ji wani ya ce a cire.

Akwai masu cewa gidajen rediyo ne suka cusa mana shi. Ban yarda ba. Mawaƙan Amurka nawa aka sa mana a lokacin, yau ko sunansu ba a tunawa? Abin da ya zaunar da shi a kunnen Bahaushe natsuwa ce. Mu mutane ne masu sauraron zance a cikin waƙa, shi kuwa kiɗansa ba ya haɗiye magana. Jita tana tafiya a bayansa, kowace kalma tana fita fes, har ɗan sakandare ya iya bi yana rubutawa a bayan littafi. Zancen nasa kuma bai wuce gida, mata, amana da roƙon Allah ya sa a wuni lafiya ba. Da wannan za ka iya zama kusa da surukinka ba ka sunkuyar da kai ba.

Kuma haka mutumin yake. An haife shi a Floydada ta jihar Texas a 1939, mahaifiyarsa ce ta koya masa jita. Da ƙungiyarsu ta Pozo-Seco Singers ta watse, bai tsaya jiran suna ba, ya koma harkar kayan ɗaki. Sai da ya haura shekara 30 sannan ya tafi Nashville, cibiyar waƙoƙin kantiri (salon kiɗan karkarar Amurka), can ma rubuta wa wasu waƙa ya fara yi a wajen Jack Clement, wani mai shirya waƙoƙi. Daga nan waƙoƙinsa 17 suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Kan dandamali ba rawa ba tsalle: malafa a ka, jita a cinya, yana zaune.

Wannan nake so matasan mawaƙanmu su duba, musamman masu barin na'ura ta binne musu baiti har sai ka kasa kunne sau uku kafin ka tsinci kalma ɗaya.

A 1997 ya zo Harare ta ƙasar Zimbabwe, jama'a suka yi masa dafifi suna rera baitocinsa tare da shi. Ya ajiye waƙa a 2016, ya koma gida wajen matarsa Joy da ya aura tun 1960. Ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, yana da shekara 78.