'Yan uwa masu Terraform, a yi yaɓe tun kafin damina

Assalamu alaikum. Maganar nan ta daɗe tana cina, sai da abin da ya faru da wani ƙanena a harkar ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta, musamman don ku matasanmu na Samaru da Kongo da kuka fara karɓar aikin sabobi (kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet) a AWS, wajen hayar sabobi na kamfanin Amazon, kuna rubuta komai da Terraform, manhajar da ke gina sabobi daga kod ɗin da ka rubuta. Wallahi ina jin daɗin ganinku, amma akwai wani hali da ya kamata mu bari, wato barin kod shekaru ba a ɗaga sigarsa ba sannan a tashi ɗagawa a zama guda.

Ranar wata Alhamis bayan isha'i yaron nan ya kira ni muryarsa tana rawa, ya ce Yaya kana gida? Na ce ina gida. Ya hau mashin tun daga Samaru har cikin birni da laftof a baya. Aikin wata makaranta ne yake riƙe da shi, an rubuta kod ɗin shekaru da suka wuce ba wanda ya sake taɓawa, ranar ya tashi zai ƙara abu ɗaya kawai sai ya ga gara ya ɗaga komai zuwa sabuwar siga a zama guda. Ya buga terraform init -upgrade, kurakurai suka cika fuskar kwamfutar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, a cikin gyaran ya ga sunan da aka ba databes ɗin, wato rumbun bayanan makarantar, bai yi masa ba ya canza shi, kuma da yake ya gaji cajinsa ya kusa ƙarewa an ɗauke wuta, sai ya buga apply, umarnin aiwatar da canjin, da -auto-approve, wato kada ma a tsaya neman amincewarsa. Shi Terraform bai san ka canza suna ba, abin da ya gani kawai tsohon abu ya ɓace daga kod sabo ya bayyana, don haka ya goge tsohon databes ya gina sabo fanko. Muna zaune kan tabarma da fitilar waya muna neman bakap, wanda muka samu na makonni baya ne, duk makin ɗalibai da aka shigar bayan nan sai da malamai suka sake shigarwa daga takarda. Yaron ba wawa bane, yana da ƙwaƙwalwa sosai, gaggawa ce da kuma barin aiki ya taru.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa cikin ganuwar Zazzau ya san yadda ake yi. Kafin ruwan farko a kwaɓa ƙasa a bi katanga da soro a yi yaɓe, a duba indararo, a duba azara ko gara ta shiga, aikin kwana biyu ne in duk shekara ake yi. Wanda ya ce ai katangar tana tsaye ya bari shekara huɗu, ranar da zai taɓa ta ba yaɓe zai yi ba, sabon gini ne. Kod ɗin da ke riƙe da sabobinka haka yake, kai ka bar shi amma duniya bata tsaya ba. Duba fa, Terraform 0.12 ya fito 2019 ya canza yadda ake rubuta harshen gaba ɗaya, 0.13 ya zo 2020 ya ce dole ka faɗi inda kowane furobaida, wato abin da ke haɗa Terraform da kamfani irin AWS, ya fito, ƙarshen 2020 ɗin 0.14 ya kawo fayil ɗin kulle siga, sannan 1.0 a 2021. Furobaidan AWS shi ma da nasa, siga ta 4 a 2022 ta ɗauki bokitin S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, da a da kake rubutawa dunƙule ta rarraba shi gida-gida, saitin izini daban, na adana tsofaffin kwafi daban, mutane da yawa sun sha wuya a lokacin, siga ta 5 ta biyo baya 2023. Kowanne akwai takardar jagora da suka rubuta ta yadda za ka tsallaka daga wannan zuwa na gaba, amma daga wannan zuwa na gaba ne fa, ba daga ƙasa zuwa saman bene ba. In kana 0.12 sai ka bi ta 0.13 ka yi apply sitet ɗinka ya gyaru, sannan 0.14, sannan ka shiga 1. Sauri ya haifi nawa.

Sitet ɗin nan shi ne abin da nake so ku riƙa jin tsoronsa. Shi ne littafin da Terraform ke rubuta abin da ya gina da inda yake, in ya lalace kod ɗinka ya zama makaho, sabobin suna nan suna cin dala amma ba ka da igiyar jansu. Kafin ka taɓa komai ka buga terraform state pull ka ajiye kwafi a wani waje, kuma kada ka saka shi a Git, inda ake ajiye kod, dan Allah, kalmomin sirri suna zaune a ciki a fili. Ka sani kuma in sabuwar siga ta riga ta rubuta a kansa tsohuwar tana iya ƙin karantawa, wato komawa baya ba lallai ta yiwu ba sai da wancan kwafin. In ku biyu ne ko uku a kan aikin ka faɗa musu kafin ka ɗaga, kar ɗan uwanka ya tashi da safe ya tarar aikinsa ya ƙi tashi.

Sai karanta abin da terraform plan ya fitar, wato filan, jerin abin da zai yi kafin ya yi shi. Na san da tsawo, na san ido na gajiya, amma nan ne amanar take. Alamar tarawa gini ne, alamar ~ gyara ne a inda abu yake, alamar ragewa rushewa ce, ita kuwa -/+ ma'anarta zai rushe ya sake ginawa, wadda in a kan databes ta faɗa to duk abin da ke ciki ya tafi. Ni a wajena ɗaga siga mai kyau ita ce wadda filan zai ce ba abin da zai canza ko kaɗan. In ka ga lambar abin da za a rushe ba sifili bace ka cire hannunka daga kibod ka je ka sha ruwa ka dawo. Kuma kada ka haɗa ɗaga siga da canza suna ko gyaran fasali a aiki ɗaya, in abu ya fashe bazaka san wanne ne ya fasa ba. In canza sunan ya zama dole, tun siga 1.1 akwai moved, layi huɗu ne kacal kana gaya masa wancan shi ne wannan, da yaron nan ya san shi da bai zo gidana da dare ba. Databes kuwa a sa masa prevent_destroy, saitin hana rushewa, tun ranar farko.

Wani zai ce Malam ai mai aikin ba zai biya kuɗin wannan ba, shi dai ya ga shafinsa na buɗewa. Gaskiya ne, mutanenmu basu cika biyan abin da ido baya gani ba. To ka saka shi cikin yarjejeniya tun farko, ka yi masa bayani da misalin juyen bakin mai na mota, zai gane. Ka kulle sigar furobaida da alamar ~> don kada ta yi tsalle da kanta, ka saka fayil ɗin kulle a Git, duk bayan wata biyu ko uku ka ware yini guda ka ɗaga taki ɗaya a wajen gwaji tukunna, ba ranar Juma'a da yamma ba, ba kuma lokacin da cajinka ke kashi goma ba. Wanda ke tunanin komawa OpenTofu, wanda aka ɓalle daga Terraform a 2023 bayan HashiCorp, kamfanin da ya ƙirƙiri Terraform, ta canza lasisi, shi ma ya gama ɗaga nasa ya ga filan ya fito fes kafin ya yi ƙaura.

Yaron ya dawo bayan sati biyu, wannan karon da rana. Muka buɗe sabon reshe a Git muka ɗaga wani aikin nasa taki ɗaya, ya karanta filan ɗin da ƙarfi layi-layi ina jinsa, ya kai wani waje ya tsaya ya ce Yaya wannan zai rushe ne ko gyara? Na ce kai za ka faɗa min, koma ka duba alamar.