Nasiha ga matasanmu kan jinin Boris Nemtsov da yaƙin da aka yi ta musantawa

'Yan'uwana matasa, ina roƙonku da ku daina ɗaukar rigimar manyan ƙasashe kamar wasan ƙwallo, inda kowa yake kare ƙungiyarsa ko da idonsa ya ga ta yi laifi. Tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da tutocin Rasha da aka ɗaga a Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duk wata magana marar daɗi a kan Rasha ƙaryar Turawa ce. Haushin da kuke ji na Faransa da Amurka yana da dalili, amma bai halatta muku yi wa gawar mutum dariya a Facebook ba, kamar yadda ake yi idan an ambaci Boris Nemtsov.

Nemtsov ɗan Rasha ne da ya yi gwamnan yankin Nizhny Novgorod, ya kuma zama mataimakin firaminista a zamanin Shugaba Boris Yeltsin, kafin ya koma sahun gaba na 'yan adawar Vladimir Putin. A daren 27 ga Fabrairun 2015 aka harbe shi ta baya a kan wata gada da ke daf da fadar Kremlin, yana da shekara 55, saura kwana biyu a yi gangamin adawa da yaƙi wanda yana cikin masu shirya shi. A lokacin yana tattara hujjoji cewa sojojin Rasha suna yaƙi a gabashin Yukiren, abin da gwamnatin Rasha ta dage cewa ba gaskiya ba ne, tana cewa waɗanda ke can 'yan sa kai ne. Abokan tafiyarsa, ciki har da Ilya Yashin, suka kammala rahoton a watan Mayun shekarar, inda suka ƙiyasta cewa aƙalla sojoji 220 sun mutu a yaƙin garuruwan Ilovaisk da Debaltseve na gabashin Yukiren.

A nan nake so ku tsaya ku yi nazari. Tun a Agustan 2014 Yukiren ta kama sojojin laima na Rasha guda 10 a cikin ƙasarta, Mosko ta ce ɓatan hanya suka yi. A yankin Pskov na Rasha an ga sababbin kaburburan sojoji, kuma ɗan majalisar yankin da ya tona maganar, Lev Shlosberg, ya sha duka har aka kwantar da shi a asibiti. Ku tuna da uwar da aka kawo mata ɗanta a cikin akwati, alhali hukuma tana cewa babu yaƙin da aka tura shi; wannan uwa ita ma 'yar Rasha ce, kuma hawayenta ba farfagandar kowa ba ne. A Mayun 2015 Putin ya sa hannu a dokar da ta mayar da adadin sojojin da suka mutu a ayyuka na musamman lokacin zaman lafiya sirrin ƙasa, sannan a Disamba ya amsa da bakinsa cewa akwai mutanensu a gabashin Yukiren masu kula da wasu al'amura, har da na soja.

Sai dai adalcin da nake nema daga gare ku ya shafi kowane ɓangare, domin addininmu ya hana ƙiyayya ta kai mu ga zalunci, ya kuma umarce mu da tantance labari kafin mu yaɗa shi. Masu rantsuwa cewa Putin ne ya ba da umarnin kisan suna faɗin abin da babu kotun da ta tabbatar. A 2017 an ɗaure mutum biyar 'yan yankin Checheniya na Rasha, kuma wanda aka samu da laifin harbin, Zaur Dadayev, tsohon jami'in rundunar tsaron yankin, ya samu shekara 20. Iyalan mamacin, musamman 'yarsa Zhanna, sun ce an kare wanda ya aiko makasan, kuma a 2023 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke cewa Rasha ba ta yi cikakken bincike ba.

Saboda haka idan za ku yi rubutu a kan wannan kisa, ku ambaci Dadayev a matsayin wanda kotu ta kama da laifi, ku faɗi cewa har yau ba a gurfanar da wanda ya ɗauki nauyinsa ba, kuma kada ku ƙaryata zuwan sojojin Rasha gabashin Yukiren, inda shugabansu ma ya amsa cewa akwai mutanensu masu kula da al'amuran soja.