Bashin gidan tarihi: wa ya ci, wa yake biya?

A watan Mayun 2025 aka yi gwanjon wata safar hannu ta fata a birnin Shikago na Amurka. Farar safa ce da ta tsufa ta koma ruwan ƙasa, ga tabon jini a jikinta. Ita ce a aljihun Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, a daren 14 ga Afrilun 1865 da aka harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford. An saye ta dala miliyan 1.52. Shekara da shekaru tana gidan tarihin Lincoln da ke Springfield a jihar Illinois, inda ɗan makaranta zai iya tsayawa ya gan ta da idonsa. Yanzu ta zama ta mai kuɗinta, in ya ga dama ya nuna, in ya ga dama ya kulle.

Ba wani abu ya fitar da ita ba, bashi ne. Ni kuwa abin da nake son mu duba, jama'a, shi ne ranar da aka ci bashin, domin a ranar aka yi ɓarnar. Ranar gwanjo kowa ya iya kuka.

Ga yadda abin ya faro. Gidan tarihin mallakar gwamnatin jiha ne, an buɗe shi a 2005. Amma akwai wata gidauniya mai zaman kanta da aka kafa don ta riƙa nema masa kuɗi. A 2007 gidauniyar ta sayi kayayyakin Lincoln wajen 1,500 a kan dala miliyan 25, kuma miliyan 23 daga ciki rance ne. Matar da ta sayar musu da kayan tana cikin kwamitin amintattun gidauniyar a lokacin. Lissafinsu shi ne sunan Lincoln kaɗai ya isa ya sa masu hannu da shuni su yi ta zuba kuɗi har a biya. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, masu bayarwa suka tsuke bakin aljihu. Zuwa 2018 saura dala miliyan 9.7, wa'adin biya ya matso, har ta kai gidauniyar ta buɗe asusun roƙon taimako a intanet, tana cewa in ba a kawo ɗauki ba za ta sayar da kaya.

To, ga inda abin ya fi ba ni takaici. Abu mafi tsada a cinikin nan wata doguwar hula ce irin wadda aka san Lincoln da ita, an yi mata ƙima dala miliyan 6.5. Labarin da ke bin ta shi ne Lincoln ya ba wani manomi ita kyauta. Amma yaushe, kuma a ina? Wata ruwaya ta ce a Illinois ne a 1858, wata ta ce a Washington ne lokacin yaƙin basasa. Aka kira masana suka duba takardu, suka ce hujjar ba ta isa ba. Har gwajin ƙwayar halitta hukumar FBI ta yi, bai tabbatar da komai ba. A 2019 masanin tarihi na jihar ya fitar da rahoto cewa bai sami shaidar da ta haɗa hular da Lincoln ba, girmanta ma bai yi daidai da na kansa ba. Wato an ciyo bashi mai ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ya tafi kan hular da ba a tantance ba, sannan da lokacin biya ya yi sai aka ɗauki safar da ba wanda ke tababa a kanta aka kai kasuwa. Gidan tarihin da gidauniyar suka raba gari a 2021, shekara ta zagayo aka kwashe kayan daga Springfield. Gwanjon 2025 na kaya 144 ya tara kusan dala miliyan 7.9. Hular ba ta cikinsu.

Cin bashi da daɗi, in ji masu iya magana, biya ne da wuya. Sai dai a nan wanda ya ci daban, wanda ya biya daban. Waɗanda suka sa hannu a takardar rance sun sha tafi a 2007, an ɗauki hotunansu. Wanda ya biya shi ne yaron da zai je Springfield badi bai tarar da komai a akwatin gilashin ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce kaya dai kaya ne. Mafi yawan abin da manyan gidajen tarihi suka mallaka yana jibge a ma'ajiya, kaɗan ne ake fito da shi a gani. In ma'aikata ba su da albashi, rufi yana yoyo, banki yana ƙwanƙwasa ƙofa, mene ne laifin a fitar da abu goma a ceci dubu goma? Wannan tambaya ta fi kowace zafi a birnin Detroit na jihar Michigan a Amurka. A watan Yulin 2013 birnin ya ayyana cewa ya tsiyace, bashin da ke kansa ya kai dala biliyan 18. Gidan zane-zanen birnin kuma mallakar hukumar birni ne, a cikinsa akwai hoton da shahararren mai zane Van Gogh ya zana na fuskarsa da sauran ayyuka masu tsadar gaske. Aka kira kamfanin gwanjo na Christie's ya yi wa wani sashe na kayan ƙima, ya ce za su kai tsakanin dala miliyan 454 da 867. A ɗaya gefen ga tsofaffin ma'aikata, 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da masu shara, ana shirin zaftare musu fansho. Duk wanda ya ce wannan zaɓi mai sauƙi ne bai taɓa zama da tsohon da ke jiran kuɗin magani ba. Ni ba zan iya duban idonsa in ce masa zane ya fi shi ba.

Amma ku duba yadda aka ƙare. Wasu gidauniyoyi, da gwamnatin jihar Michigan, da masu tallafa wa gidan da kansu suka yi alkawarin tara dala miliyan 816 cikin shekara 20, kuɗin ya tafi asusun fansho, aka cire gidan daga hannun hukumar birni aka damƙa shi ga amintattu ta yadda mai bin birnin bashi ba zai sake miƙa masa hannu ba. Ba a sayar da zane ko ɗaya ba. Haka aka yi a Ingila da kayan tangaran na kamfanin Wedgwood, lokacin da bashin fanshon kamfanin da ya karye, fam miliyan 134, ya faɗo kan ɗan ƙaramin gidan tarihinsa saboda wata ƙa'idar doka. A 2014 aka tara fam miliyan 15.75 aka sayi kayan gaba ɗaya aka miƙa wa gidan tarihin Victoria and Albert, kuma aka bar su a inda suke. Kuɗin ceto yana nan. Abin da ke hana shi fitowa sau da yawa shi ne shugabannin gida sun ɓoye ciwon har ya ci jiki.

Sannan wai shin sayarwar tana warkarwa? Wani gidan zane-zane da ke jihar Delaware ta Amurka ya ci bashi don faɗaɗa gini, saura dala miliyan 19.8 suka maƙale. A 2014 ya kai wani fitaccen zanen William Holman Hunt gwanjo a Landan, ana sa ran fam miliyan 5 zuwa 8, aka tsaya a miliyan 2.5. Kasuwa tana jin ƙanshin wanda ya matsu. Dole aka ƙara fitar da wasu, kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta ƙwace takardar amincewar da ta ba gidan, aka umarci sauran gidaje su daina ba shi aron kaya.

Akwai misalin da ya fi tsaya mini a rai. A 1819 mai zane Charles Willson Peale ya zana wani dattijo a Georgetown, wadda yanzu unguwa ce a birnin Washington, sanye da hular saƙa da babbar riga mai kauri, idanunsa kamar yana shirin yin dariya. Sunansa Yarrow Mamout, Bafulatani Musulmi da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka sauke a garin Annapolis na Amurka a 1752. Ya yi shekara 44 a bauta, ya sami 'yanci, ya sayi gida, har ya mallaki hannun jari a banki, kuma ya iya rubutun Larabci. Hotuna irin wannan, na Musulmin da aka bautar a Amurka, ba su da yawa ko kaɗan. Yana hannun gidan tarihin birnin Philadelphia, sai a 2011 gidan ya sayar da shi yana neman kuɗin gyaran gini. Allah ya sa wani gidan jama'a ne a cikin birnin ya saya, don haka har yau ana iya zuwa a gaisa da dattijon. Shi kuwa gidan da ya sayar, an gyara shi, an sake buɗewa, a 2018 ya rufe ƙofa. Daga baya aka miƙa kayansa sama da 100,000 ga Jami'ar Drexel. An sayar da abin da ke kawo mutane don a gyara ɗakin da za su shiga.

Wannan labarin ya nuna mini cewa ba kowace sayarwa ce musiba ba. Tambaya biyu ce ke raba su: wa zai saya, kuma ina kuɗin za su? Gidajen tarihi sun daɗe suna rage kaya, musamman in abu ya zo biyu ko bai dace da aikin gidan ba. Ƙa'idar da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta shimfiɗa ita ce kayan amana ce ta jama'a, ba kadarar da za a juya kuɗi ba, kuma in an sayar da wani abu, kuɗin su koma kan tarin kayan. Kusan hukuncin wakafi ke nan: mai kula da shi ba mai shi ba ne, ba ya jinginar da shi don biyan bashin da ya ciyo. Ko lokacin annobar korona, da ƙungiyar daraktocin gidajen zane na Amurka ta sassauta dokar na shekara biyu daga Afrilun 2020, iyakar abin da ta yarda shi ne a kashe kuɗin wajen kula da kayan kai tsaye.

Dalilin tsananin a fili yake. Yawancin abin da ke gidan tarihi kyauta aka kawo. Wata tsohuwa ce ta ɗauko wasiƙun mijinta na fagen yaƙi, wani iyali ne ya ce takobin kakanmu ya fi ƙarfin ɗakinmu. Ba su karɓi ko sisi ba, alkawari kawai aka yi musu cewa za a adana. Ranar da suka ga irin kayansu a kundin gwanjo, ba su ba ƙara kawowa, su da duk wanda ya ji labari. Banki ma yana kallo. Da zarar ya gane cewa in an matsa za a sayar, to ya sami jingina ko ba a rubuta ba, zai ba da rance hankali kwance, shugabannin gida kuma su ƙara samun ƙarfin gwiwar gina abin da ba za su iya riƙewa ba.

Wanda ya fi muni shi ne abin ya ɓace. A Northampton ta Ingila, hukumar gari ta ɗauko daga gidan tarihin garin mutum-mutumin Sekhemka, wani magatakardan Masar na dutse da ya haura shekara 4,000, yana zaune da takarda buɗe a cinyarsa, matarsa 'yar ƙarama a gefen ƙafarsa. Nan ba ma bashi ba ne, faɗaɗa gini suke so. A Yulin 2014 aka sayar da shi fam miliyan 15.76, jakadan Masar yana ta kururuwa, mutane suna zanga-zanga a ƙofar gidan gwanjo. Gwamnati ta dakatar da fitar da shi na ɗan lokaci ko za a sami mai saye a cikin ƙasa, ba a samu ba, a 2016 ya bar Birtaniya, ba a bayyana mai sayen ba. Gidan ya rasa takardar amincewa ta shekara biyar, tare da tallafin da ke bin ta.

Saboda haka in kuka ji wani gidan tarihi yana kukan bashi yana nuna akwatunansa, kada ku tsaya a "kash". Ku nemi a fito da takardar rancen, da sunayen waɗanda suka amince da shi, da wanda ya yi wa kayan ƙima, da alaƙarsa da mai sayarwa. In har sayarwa ta zama dole, a buga jerin kayan watanni kafin ranar, a fara yi wa sauran gidajen jama'a tayi ko da farashin bai kai na gwanjo ba, a kuma tuntuɓi iyalan da suka kawo kyautar. Kwamitin da ya jefa gida cikin ramin kuma bai kamata ya zama shi zai zaɓi abin da za a sayar ba. Ya sauka tukuna, wasu su zo su duba littattafan.