Shanu Ne

Daren Talata, watan Fabrairun 1314, jajiberin azumin Kirista. Kan katangar Roksbara ta kudancin Sikotlan, wadda sojan Ingila ke riƙe da ita. A ciki manya na ta rawa da cin naman bankwana, a waje masu gadi biyu sanyi na cin su. (Tun wancan zamanin haka rabon yake.)

YARO: Baba, dubi can ƙasa. Wasu baƙaƙen abubuwa na tahowa.

BABA: Shanu ne.

YARO: Ai ko juyawa ba ka yi ba.

BABA: Sai na juya? Shekarata talatin ina gadi. Tun ba a yanke maka cibi ba nake gane saniya cikin duhu. Numfashinta kawai zan ji in gaya maka haihuwarta nawa.

YARO: To amma a jere suke tafe, ɗaya bayan ɗaya.

BABA: Shanun gidan mutunci ke nan. Ba irin yaran yanzu ba.

YARO: Ba su da ƙaho fa.

BABA: Sanyin ƙasar nan ne. Kai ina kunnuwanka suka shige?

YARO: Ni dai gabana na faɗuwa. Kada a je Baƙin Daglas ne, jarumin nan na Sikotlan.

BABA: Wa, Jems? Yaron nan? Ai na san ubansa, a kurkukun Landan ya ƙare.

YARO: Baba, mutumin da ya dira wa mutanenmu ranar Lahadi suna coci, ya ƙwace gidan, ya tara hatsi da giya da gawarwaki wuri guda ya cinna wuta, ya zuba mushen doki a rijiya. Gidan ubansa fa ya yi wa haka!

BABA: Ka ga ni? Wanda ya ƙona gidan ubansa me zai zo nema a na wani? Kuma ɗan sarauta, mai doki da sulke, shi zai yi rarrafe cikin taɓo?

(Nan Baba ya yi kuskuren da manyansa suka daɗe suna yi. Mutanen Sarkin Sikotlan Robat Burus ba su da kayan fasa katanga, saboda haka dare da dabara suka maye musu. Rarrafen da ke kai mutum cikin gida bai taɓa zubar wa Daglas da girma ba.)

YARO: An ce da sunansa uwaye ke tsorata yara su yi barci.

BABA: To yi barcin mana, ai kai aka yi wa waƙar.

YARO: Baba! Ɗaya ta yi tari.

BABA: Mura ce.

YARO: Ta ce wa ta bayanta, “A hankali.”

BABA: Da wane yare?

YARO: Na Sikotlan.

BABA: To saniyar Sikotlan da yaren wa kake so ta yi magana? Faransanci?

Sai ƙwaram! Ƙugiyar ƙarfe ta kama bakin katanga, tsanin igiya na reto a jikinta.

BABA: Ƙararrawar wuya ce.

YARO: Tana hawowa tsani, Baba!

BABA: Yunwa ce, ɗan nan. Ni ma wata huɗu ke nan ban ga albashi ba. A ƙara ɗaya ka ga abin da zan hau.

YARO: In busa ƙaho?

BABA: Ka tayar da maigida daga biki a kan saniya? Wancan karon da na kai rahoto, cewa aka yi in rubuto a takarda. Na rubuta, aka kafa kwamiti. Har yau suna zama.

Saniyar farko ta ɗora hannu a kan katanga, ta yar da baƙin mayafi, ta zare takobi. Yaro bai tsaya sallama ba. Baba kuwa ya gyara hula, ya rusuna.

BABA: Barka da dare, ranka ya daɗe. Makiyayin ne ko?

Kafin gari ya waye ihun “Daglas! Daglas!” ya raba ’yan rawa da kiɗansu. Shugaban sojan ya kulle kansa a hasumiya, kibiya ta same shi a fuska, ya miƙa wuya. Burus ya sa aka rushe katangar, bashin albashin Baba ya bi ta.

Bayan shekara goma sha shida, Yaro ya fara furfura, Baba ba haƙori ko ɗaya.

YARO: Baba, ka ji Daglas ya mutu?

BABA: Ɓarawon shanun nan?

YARO: Wane ɓarawon shanu! Mutumin da ya yi yaƙin Banakbon, inda Sikotlan ta ci Ingila, a watan Yunin shekarar da aka kore mu. A 1327 ya kutsa sansanin Ingila da dare har ya yanke igiyoyin tantin Sarki Edwad na Uku.

BABA: Igiyar tanti, igiyar turke, duk sana’a ɗaya ce.

YARO: A Andalus ya faɗi, wani gari wai shi Teba. Ya bi rundunar Sarki Alfonso na Kastil suna yaƙi da sojan Garnaɗa. Asali Ƙudus ya nufa. Bara da Sarki Burus zai mutu ya yi wasiyya a kai can, shi ne Daglas ya rataya akwatin azurfa a wuya.

BABA: A kai me? Me ke cikin akwatin?

YARO: Zuciyarsa.

BABA: Me ka ce?

YARO: Zuciyarsa, Baba.

BABA: Zuciyar sa! Jama’a ku zama shaida, da bakinsa ya faɗa. Shekara goma sha shida yaron nan na musu da ni!