Zomon Holan da wahalar yin abu mai sauƙi

Duk wanda ya ga hoton Nijntje, farar 'yar zomon nan ta ƙasar Holan da masu Turanci ke kira Miffy, cewa yake yi ai ko ɗan aji biyu zai zana ta. Ɗigo biyu su ne idanu, baki kuwa 'yar alama ce irin ta "sau" a lissafi, sai kunnuwa biyu a miƙe. Ni dai ra'ayina shi ne a harkar littafin ƙananan yara ba a cika samun aikin da ya kai wannan wuya ba, kuma masu kwaikwayonsa a nan suke faɗuwa, domin sun ɗauka sauƙin gani shi ne sauƙin yi.

Wanda ya ƙirƙiro ta, Dick Bruna, haifaffen birnin Utrecht na Holan a 1927, ya fitar da littafin farko na zomon a 1955, ya sake mata siffa a 1963, ya kuma riƙe ƙa'idojinsa har ya bar aiki. Littafin murabba'i ne, kusan santimita 16 kowane gefe, daidai hannun ɗan shekara biyu ko uku. Hoto goma sha biyu. Rubutu a hagu, hoto a dama. Kowane shafi layi huɗu ne na waƙa, layi na biyu da na huɗu su yi amsa-amo. A ƙara girman littafin, yaro ya kasa riƙewa, ya koma jiran babba. A ƙara shafuka, hankalinsa ya tafi kafin labari ya ƙare.

Inda na fi so a tsaya a duba shi ne layin zanen. Lokacin da yake aiki, Bruna yakan fara da fensir a kan takarda mai shara-shara, ya yi ta maimaita hoto ɗaya har sai ya gamsu. Daga nan ya danna shi a kan takarda mai kauri, ya bi sawun da buroshi da baƙin fenti, a hankali ƙwarai. Saboda wannan jinkirin, idan ka matso da ido za ka ga layin yana ɗan rawa, shi ne kuma ran hoton. Wanda ya ja irinsa da kwamfuta yakan samu layi sumul, daidai ta ko'ina, amma matacce kamar alamar kan hanya. Launi ma ba shafa shi yake yi ba. Yakan mayar da baƙin zanen kan leda mai gani garau, ya yanka takardu masu launi da almakashi ya sa a ƙarƙashi, yana canzawa har sai ta zauna. Ya ɗauki darasin nan ne daga aikin yankan takarda na Matisse, mai zanen Faransa.

Launukan ƙidayayyu ne: ja, rawaya, shuɗi, kore, daga baya ya ƙara ruwan ƙasa da ruwan toka. Babu inuwa, babu gauraye. Mai kwaikwayo yakan ga fili a shafi ya ji kamar ya yi rowa, sai ya cusa gajimare da furanni da tsuntsaye. Shi ke nan idon yaro ya rasa wurin sauka. Haka batun fuska: zomon kusan kullum mai karatu take kallo, ko da jikinta ya nufi gefe, don yaro ya ji da shi ake magana.

Bruna ya sha bayyana yadda yake zana kuka. Yakan fara da hawaye uku ko huɗu, ya riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage ɗigo guda, kuma wannan gudan ya fi taɓa zuciya.

Wannan hali ba nasa ba ne shi kaɗai. Mutanen Holan suna da karin maganar da ke cewa ka yi abinka yadda aka saba, hakan ma ya isa hauka. Har ma idan suna son jami'i ya daina jibga musu manyan kalmomi, sai su ce ya yi magana da harshen Jip da Janneke, yaran nan biyu na gajerun labaran da Annie M.G. Schmidt ta riƙa rubutawa a jaridar Het Parool daga 1952 zuwa 1957.

Kada kuma a ɗauka ƙarancin kaya yana nufin guje wa magana mai nauyi. A 1996 Bruna ya yi littafi kan rasuwar kakar zomon, da makara da jana'iza da ziyarar kabari, duk a cikin hoto goma sha biyun nan da layi huɗu-huɗu. A 1997 aka ba shi kyautar Zilveren Griffel, wadda ake bayarwa saboda ingancin rubutu, a kan wannan littafin.